Hannun rigar Sarkin Sin, da abin da masu zane ke bari a wajen takarda

Ranar wata Asabar 'yar yayata, wadda ke karanta zane-zane a jami'a, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Kawu, kai da ba ka rabuwa da littattafan tarihi, duba wannan ka gaya mini ko ƙarya ce." Zanen samari biyu ne cikin tufafin mutanen Sin na dā. Ɗaya ya yi barci a kan hannun rigar ɗan'uwansa, shi kuma na biyun yana riƙe da wuƙa yana yanke hannun rigar a hankali don kada ya tashe shi. Launi mai sanyi, furanni na zubowa daga sama, fuskoki sumul kamar ba su taɓa jin yunwa ba. A ƙasa an rubuta Sarki Ai da Dong Xian. Ta ci gaba da jan allon wayar, sai ga wasu birjik: Sarkin Rum da saurayinsa, jaruman Girka biyu, wata mawaƙiya da ƙawarta, wani Sarkin Buganda, masarautar da ke cikin ƙasar Uganda ta yau.

Irin waɗannan zane-zane suna yawaita a intanet musamman a watan Yuni, watan da masu neman jinsinsu ke bikinsu a Amurka da ƙasashen Turai da dama. Matasan masu zane sukan ɗauki mutum guda kullum daga tarihi ko almara, su zana shi, su rubuta layi biyu a ƙasa. Suna da kalma ɗaya da suke tattara kowa a cikinta: namiji mai son namiji, mace mai son mace, wanda ya bar shigar jinsinsa ya ɗauki ta wani, har da mata-maza. Saƙon da ke bayan aikin a fili yake, wato mun daɗe a duniya, ga kakanninmu.

Na ce mata labarin hannun riga ba ƙirƙirar mai zanen ba ce. Yana cikin tarihin daular Han wanda Ban Gu ya rubuta a ƙarni na farko bayan Annabi Isa (AS), kuma har yau a harshen Sinanci "yankakken hannun riga" habaici ne na soyayyar namiji da namiji. Sai dai Ban Gu bai tsaya a kan hannun riga ba. Ya sa Dong Xian ne a babin 'yan fadan da suka ci albarkacin kusanci da sarki. Dong Xian yana da mata, kuma an shigo da ita fada ta zauna. An ɗauki ƙanwarsa aka mai da ita ɗaya daga cikin manyan matan sarkin. Yana ɗan shekara 22 aka naɗa shi shugaban rundunonin daula baki ɗaya, ba don ya taɓa cin wani yaƙi ba. Wazirin da ya ja da irin kyautar da ake zabga masa, Wang Jia, a kurkuku ya ƙare, ya ƙi cin abinci har ya mutu. Da Sarki Ai ya rasu a shekara ta 1 kafin haihuwar Annabi Isa, nan take aka tuɓe Dong Xian, shi da matarsa suka kashe kansu. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a zanen da ke wayar 'yata. Furanni ne kawai.

Ni ba malami ba ne, kuma hukuncin addini a kan luwaɗi da maɗigo ba baƙo ba ne ga duk wanda zai karanta wannan rubutu, don haka ba shi na zo maimaitawa ba. Abin da ya dame ni amanar tarihi ce. Wanda ya ɗauki alƙalami ya zana mutumin da ya mutu shekaru dubu biyu da suka wuce ya zama mai ba da shaida a kan wanda ba zai iya tashi ya ce "ba haka aka yi ba". Kuma shaidar hoto ta fi ta rubutu kama zuciya, shi ya sa muke cewa gani ya kori ji. Mu kanmu mun san haka. Hoton nan na dattijo mai rawani da ake bugawa a kalanda da bayan motoci ana cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, ai Shehu ya rasu a 1817, na'urar ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 aka fito da ita ga jama'a a Faransa. Amma je ka gaya wa wani cewa wannan ba fuskar Shehu ba ce, ka ga kallon da zai yi maka. Haka Nzinga, sarauniyar Ndongo da Matamba a ƙasar Angola ta yau, wadda ta rasu a 1663. Fuskarta da duniya ta sani wani Bafaranshe ne, Achille Devéria, ya zana ta daga tunaninsa a wajejen 1830. Da zarar zane ya zauna a idon jama'a, shi ke nan ya zama mutumin.

Ɗauki Antinus, wanda kusan babu jerin irin waɗannan zane da ba ya ciki. Yaro ne ɗan ƙasar Bitiniya, a arewacin Turkiyya ta yanzu. Sarkin Rum Hadiriyan ya ɗauke shi yana yawo da shi ƙasa-ƙasa, har ya nutse a Kogin Nilu a watan Oktoba na shekara ta 130. Sarkin ya yi kukan da marubutan zamanin suka yi ta gulma a kai, ya kafa birni sukutum a gaɓar kogin da sunansa, ya sa aka riƙa bauta masa, aka sassaƙa gumakansa da yawan da har yau gidajen tarihi na Turai cike suke da su. Babu mai musun cewa Hadiriyan ya so shi. Amma lokacin da abin ya faru sarkin yana da shekara 54, yaron kuwa bai cika 20 ba, kuma ya shigo hannunsa tun yana ƙarami ƙwarai. Ɗaya yana mulkin daular da ta taso daga Ingila har Masar, ɗayan kuma babu ko jimla ɗaya da ta fito daga bakinsa da tarihi ya adana. Marubucin tarihi Cassius Dio ma yana ganin ba haɗari ba ne, yana zargin sadaukar da shi aka yi don wani tsafi, alhali sarkin ya ce faɗawa ruwa ya yi. A zanen zamani sai ka ga an rage wa Hadiriyan shekaru, an ƙara wa Antinus, an daidaita tsawonsu, an sa su riƙe hannu kamar abokan aji. Mai zanen yana so ya nuna soyayya tsakanin tsara, to amma babu tsara a nan. Da a yau wani mai mulki ya yi haka da yaro, waɗannan masu zanen ne za su fara tsine masa.

Na Buganda ya fi ci mini rai, wataƙila don ya fi kusa da gida. Kabaka, wato Sarki, Mwanga na biyu ya hau gadon sarauta a 1884 yana matashi. Ana yawan zana shi yanzu a matsayin hujjar cewa tun kafin Turawan mulkin mallaka akwai sarki a Afirka mai neman maza. Labarin da ya zo mana, galibi ta hannun 'yan mishan waɗanda suke da tasu manufar, shi ne yaran fadarsa da suka karɓi Kiristanci sun fara ƙin ba shi kansu. Akwai siyasa a ciki ba kaɗan ba, domin sarkin yana tsoron Turawa za su ƙwace masa ƙasa ta hanyar sabon addinin, kuma tarihi ya nuna tsoron nasa ba na banza ba ne. Amma ko ta wace fuska aka duba, ranar 3 ga Yuni 1886 an ƙone samari da ransu a Namugongo bisa umarninsa. Ƙaramin cikinsu, Kizito, bai wuce shekara 14 ba. A 1964 Fafaroma ya ayyana 22 daga cikin waɗanda aka kashe a wannan rikici a matsayin waliyyai, kuma duk shekara ɗimbin mutane na zuwa wurin ziyara. To idan ka zana Mwanga cikin ado da murmushi, ka rubuta a ƙasa cewa shi gwarzo ne na 'yancin soyayya, ina ka ajiye yaran da suka ce a'a?

Akwai kuma inda tarihin ne da kansa ya yi gum, mai zane ya buɗe masa baki da ƙarfi. A 1964 aka gano wani kabari a Sakkara, kudu da Alƙahira, na wasu maza biyu, Niankhkhnum da Khnumhotep, waɗanda suka rayu wajen shekaru 4,400 da suka wuce. Aikinsu shugabancin masu gyaran farce ne a fadar Fir'auna Nyuserre. A bangon kabarin an zana su sun rungumi juna, hanci na taɓa hanci, irin tsayuwar da masu zanen Masar suka saba yi wa miji da mata. A bangon nan dai an zana matansu da 'ya'yansu. Masana sun rabu: wasu sun ce 'yan'uwa ne, wasu sun ce tagwaye, wani ya ce tagwaye ne da aka haifa a manne, wasu kuma sun ce masoya ne. Mai zanen asali ya bar mana duka biyun, rungumar da iyalin. Mai zanen yau yakan kwafi rungumar ya share iyalin, ya rubuta "ma'aurata maza na farko a tarihi". Wanda ba ya son zancen kuma yakan nuna iyalin ya kau da kai daga hancin da ke taɓa hanci. Ni dai ina ganin tsohon Bamisiren ya fi su duka gaskiya, kuma ya fi su gwaninta.

Na jaruman Girka Akilis da Faturokilas ba sai na daɗe ba, tunda almara ce, kuma Girkawan kansu ba su daidaita a kai ba. Tsohuwar waƙar yaƙin Taroy ta nuna baƙin cikin Akilis da wasiyyar a haɗa tokarsu a tulu ɗaya, ba ta faɗi fiye da haka ba. Bayan ƙarnoni Aeschylus ya mai da su masoya a wasan kwaikwayo, Aflatun ya sa ana gardamar wane ne babba a soyayyar, Xenophon kuma ya ce abota ce zalla. Wani kofi da aka yi wajen shekara 500 kafin Annabi Isa, wanda ke birnin Balin na Jamus yanzu, ya nuna Akilis yana ɗaure wa abokinsa rauni a hannu, abokin kuma ya kau da kai don zafi. A almara kowa na da damar ya ja zarensa, ban ga abin faɗa ba.

Duk da wannan ƙorafi nawa, ba na ɗaukar masu zanen nan a matsayin maƙaryata da gangan, kuma labarin Simeon Solomon ne ya hana ni. Bayahude ne ɗan Landan, an haife shi a 1840, kuma tun yana saurayi ya yi suna cikin manyan masu zanen Ingila. A lokacinsa, Safo, mawaƙiyar tsibirin Lesbos da ta rayu wajen shekara 600 kafin Annabi Isa, wadda ragowar baitocinta ke cike da begen mata 'yan'uwanta, masu zanen Turai sun fi son nuna ta a bakin dutse za ta faɗa teku saboda wani matuƙin kwalekwale mai suna Fawon ya ƙi ta. Wannan labari an ƙaga shi ne daga baya, amma shi Antoine-Jean Gros ya zana a 1801, wasu da yawa suka bi sahu. Wato shekara da shekaru ana zana ta da namijin da babu tabbacin ya taɓa wanzuwa, ana share matan da ta ambata da sunansu. A 1864 Solomon ya zana ta a lambu ta rungumi wata mawaƙiya, Erinna. A zamaninsa an ɗauka ƙawaye ne, daga baya masana suka gano Erinna ta zo ne bayan Safo da fiye da ƙarni biyu, ba su taɓa haɗuwa ba. Ya yi kuskure ke nan a kan mutum, amma ya fi waɗanda suka gabace shi kusa da abin da waƙoƙin ke faɗa.

A 1873 aka kama shi da wani mutum a wani ban-ɗakin jama'a a Landan, aka gurfanar da shi. Abokansa suka watse, masu sayen zanensa suka ɗauke ƙafa, ya faɗa shaye-shaye, ya mutu a 1905 a gidan gajiyayyu. Zanen nan na lambu yana gidan zane na Tate da ke Landan yanzu. In na dube shi ina ganin mutum ne da ya rasa inda zai faɗi abin da ke ransa, sai ya je ya aro bakin wadda ta mutu tun tuni. Yaran da ke zane a intanet yau da yawansu abin da suke yi ke nan. Suna neman dangi a cikin matattu saboda rayayyu sun juya musu baya. Ana iya ƙin abin da suke kira zuwa gare shi, amma wanda bai ga kaɗaicin da ke ciki ba bai kalli zanen da kyau ba.

Matsalar ita ce mai neman dangi yakan ga kamanninsa ko'ina. Kalmar da Turawa ke kiran mai neman jinsinsa da ita ma ba ta daɗe ba, wani marubuci ne, Karl-Maria Kertbeny, ya fara buga ta a 1869. Kafin nan mutane na aikata abubuwa, ana yabo ko ana zargi, amma ba lallai su ɗauki kansu wata al'umma ta daban mai tuta da suna ba. Chevalier d'Éon, ɗan leƙen asirin Faransa da ya yi fiye da rabin rayuwarsa a shigar maza, daga 1777 kuma ya koma shigar mata har ya mutu a Landan a 1810, yau kowane ɓangare na jan sa zuwa rukuninsa, alhali shi kansa labarin da ya riƙa bayarwa game da kansa ya sha canzawa. A liƙa masa tutar ƙarni na 21 daidai yake da a zana Bayajidda da agogon hannu.

Sai kuma mu. Da 'yar yayata ta tambaya ko ƙarya ce, na san amsar da take tsammani, domin ita ce amsar da aka saba bayarwa a wajenmu: duk wannan sharrin Turawa ne, mu ba mu san shi ba sai da suka zo. Wannan ma share hoto ne. Abu Nuwas da muke jin labaran wayonsa da barkwancinsa a fadar Haruna Rashid, mawaƙi ne na gaske da ya rayu a Bagadaza, kuma diwaninsa cike yake da waƙoƙin giya da na begen samari, tare da na tuba da ya yi. Sarki Mahmud na Gazna, a Afganistan ta yau, wanda ya yi mulki daga 998 zuwa 1030, da bawansa Ayaz, mawaƙan Farisa sun yi ƙarnoni suna buga misali da ƙaunar da ke tsakaninsu, sufaye kuma suka mai da ita misalin bawa da Ubangijinsa. A gidan tarihi na Louvre da ke Faransa akwai zanen da Muhammad Ƙasim ya yi a 1627 na Shah Abbas na Iran yana jingine da wani yaron fada mai zuba masa abin sha. Ba Bature ne ya zana shi ba. A Bukhari da Muslim akwai hadisin wani mukhannasi, wato namiji mai ɗabi'ar mata, da ke shiga gidan Ummu Salama, wanda da Annabi (SAW) ya ji yana siffanta wata mace ta Ɗa'ifa dalla-dalla ya hana shi shiga wurin iyalinsa. Imam Nawawi da ya zo sharhi ya raba su gida biyu, wanda aka halitta da wannan ɗabi'a ba shi da laifi a kanta, wanda kuma ya ƙirƙire ta da gangan shi ne abin zargi. Malaman nan ba su ji tsoron rubuta abin da ke akwai ba, sun rubuta sannan suka yi hukunci. Mu ne muka zo muna ganin in mun rufe ido abin zai ɓace.

Kuma ai ba sai mun je Bagadaza ba. Wane ne ya tashi a Kano ko Katsina ko Zariya bai san 'yan daudu ba? Suna tuyar kaji da dafa shinkafa a tasha da bakin kasuwa, ana kiransu girkin biki, an san su da zaurance da habaicin da ko mata sai sun sara musu, kuma tun dā ana danganta su da bori. Da yawansu suna da mata da 'ya'ya, kuma Bahaushe ya san ɗan daudu daban, ɗan luwaɗi daban, ko da wani lokaci sukan haɗu a mutum ɗaya. Na ga yadda wasu masu zane na waje suka fara sa su cikin jerinsu, da kwalliya da tuta mai launin bakan gizo, suna kiransu da sunayen da su kansu ba su taɓa ji ba. A gida kuwa, tun da aka sa hannu a dokar haramta auren jinsi a Janairun 2014, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga mai nuna irin wannan alaƙa a bainar jama'a, ga kuma kamen Hisba, ba kowa ne zai yarda ya zana su ba ko da a matsayin masu sayar da abinci. Na waje ya zana abin da yake so su zama, na gida ya bar takardar fara.

Bayan makonni 'yar yayata ta dawo da littafin zanenta. An ba su aikin zana mai sana'a, sai ta zaɓi wani dattijon ɗan daudu da ke sayar da abinci kusa da tashar unguwarsu, wanda tun tana firamare ake aikenta wurinsa sayen dambu. Ta nemi izininsa, ya yi dariya ya tafa hannu ya ce to. Ta zana shi zaune a kan kujera 'yar tsugune, zane ɗaure a ƙirji a kan riga, ludayi a hannu, hayaƙi na tashi daga tukunya, carbi rataye a ƙusa a bayansa. Da ta nuna masa, ta ce ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "'Yar nan, kin iya. Amma ki sa mini hulata, 'ya'yana za su gani." Ta koma ta ƙara hular.